Ranar da aka karɓe makullin ofis, wa ya rage?

Assalamu alaikum Edita,

Dan Allah ka ɗan ba ni fili in taɓo wani abu da ba a cika kawo shi ba in ana maganar 'yan fansho. Kullum zancen shi ne garatuti bai fito ba, fansho ba ya kai wa ko'ina, an kira tantancewa tsofaffi sun wuni a rana. Duk gaskiya ne, kuma haƙƙinsu ne a biya su. Amma akwai wani ciwon da ko an biya mutum kuɗinsa cas ba ya tafiya, wato mutum ya ajiye aiki ya dawo gida sai ya tarar shi kansa bai san ko shi waye ba.

A tsarin aikin gwamnati in ka cika shekara 60 da haihuwa ko 35 kana aiki, duk wanda ya riga zuwa, shikenan sai gida. Malaman makaranta ne aka ƙara musu zuwa 65 ko 40 a dokar da Buhari ya sa wa hannu a 2022, farfesoshi kuma sai 70. To wanda ya kama aiki yana ɗan 22 ko 23 ka ga kenan tun bai kai sittin ba ya gama, da ƙarfinsa da lafiyarsa, wataƙila ma Allah ya ƙara masa wasu shekaru 20 a gaba. Me zai yi da su? Tun da aka kawo fanshon adashen gata a 2004 ake ta wayar wa ma'aikaci kai a kan kuɗin da ake cire masa, kuma in ritaya ta matso a tara su a wani zaure a koya musu kiwon kaji da kifi, a raba takardar shaida da lemo a watse. Ba wanda yake tambayar mutum shi me ransa yake so.

Akwai wani dattijo a layinmu, darakta ne ya yi ritaya. Watannin farko wallahi abin tausayi, kullum da safe sai ya yi wanka ya saka babbar riga ya kafa hula, ya fesa turare, ƙarfe takwas yana falo a zaune da waya a hannu, ba inda za shi. Motar ofis ta koma, direba ya bi sabon darakta, wayar da a da sai an kashe ta ake samun cin abinci yanzu in ta yi ƙara to kamfanin layi ne ke tallan data. Uwargidan ta ce masa Alhaji ina zuwa haka, sai ya ce a'a ina nan. Daga nan sai faɗa ya fara, ya koma sa ido a kan madafa, me ya sa aka ƙarar da mai, wa ya bar fanka a kunne, yaran gidan in sun ji takunsa kowa ya kama gabansa. Mutane suna cewa tsufa ne. Ni dai ban yarda ba, mutumin nan shekara talatin da biyar ana ce masa ranka ya daɗe ana miƙo fayil yana sa hannu, har ya ɗauka kujerar ita ce shi, da aka janye ta sai ya rasa inda zai tsaya.

Kuma mu ma da laifinmu a ciki. Tun yaro na sakandare ake yanke masa, kai likita za ka zama, kai lauya, in JAMB ta ba shi wani kwas daban ya karɓa haka nan don kar ya zauna a gida, ya gama bautar ƙasa wani kawu ya samo masa aiki a ma'aikatar da ko sunanta bai taɓa ji ba, sai aure, sai 'ya'ya, sai neman ƙarin girma daga lebul zuwa lebul. A duk tsawon tafiyar nan yaushe ya zauna shi kaɗai ya tambayi kansa? In ma ya kuskura ya ce shi fa aikin nan ba ya masa daɗi sai a ce butulci ne, wasu na can suna nema ba su samu ba. Har a wajen ɗaurin aure da muƙami maroƙi ke kiran mutum.

Abin mamaki wannan bincike na zuciya ba baƙo ba ne a wajenmu. Duk zauren da ake karatu an san Imamu Gazali. Bawan Allahn nan a 1091 aka ba shi koyarwa a makarantar Nizamiyya ta Bagadaza, wanda a lokacin babu kujerar ilimi da ta fi ta, ɗalibai ɗaruruwa a gabansa, manyan gwamnati na girmama shi. Shi da kansa ya rubuta cewa da ya duba niyyarsa sai ya ga neman suna da matsayi ne ke tura shi, ya yi wata da watanni yana kokawa da ransa har harshensa ya ɗaure ya kasa koyarwa, abinci ma ya gagare shi. A 1095 ya bar komai ya tafi Dimashƙu, ya je Ƙudus, ya yi Hajji, sai bayan shekara goma da wani abu ya sake komawa koyarwa a Naisabur. Aikin dai shi ne, koyarwa, amma wannan karon ya san dalilin da ya sa yake yi. Ba cewa nake ma'aikaci mai 'ya'ya takwas ya ajiye aiki ya shiga duniya ba, a wannan tsadar ai sai a kai shi asibiti. Sai dai shi Gazali bai jira an karɓe kujerar ba kafin ya yi wa kansa tambayar, yana kanta ya yi.

Muna da i'itikafi ma a goman ƙarshe na azumi, wanda asalinsa kaɗaita ne da Ubangiji da yi wa kai hisabi, amma yanzu ka shiga wasu masallatan ka ga kowa da caja da fulas ana hira har asuba. Wannan dai zance ne na wata ranar.

Na kuma san wani tsohon akanta da abin ya zo masa da sauƙi, don shi tun yana aiki ya gane cewa lissafin nan abinci ne kawai yake nema da shi, abin da ransa ke so itatuwa ne. Duk Asabar yana wani ɗan fili a bayan gari yana yi wa mangwaro aure. Ka gan shi a tsugune da reza, ya fere reshen mai kyau ya tsaga ɗan dashen ya cusa, ya naɗe da leda tsaf kamar mai ɗaure rauni, in kana masa magana ma ba ya ɗagowa sai ya gama. Abokan aikinsa har tsokanarsa suke wai Sarkin Noma. Da ya yi ritaya washegari can ya nufa, yanzu samarin unguwa ke zuwa koyo a wajensa, kuma ba wani kuɗin kirki yake samu ba, shi ma garatutinsa sai da ya sha jira kamar kowa. Amma ban taɓa jin ya ce da muna ofis ba.

Roƙona gare ka Edita, ku buɗe ɗan shafi ko da sau ɗaya a wata ne, ku riƙa zama da waɗanda suka yi ritaya, maza da mata, har da malaman firamare da ma'aikatan jinya da masinjoji, kar a tsaya kan manya kawai. Ku tambaye su yadda shekarar farko ta kasance, da abin da suka so yi tun suna yara suka bari, da ko sun koma masa. Waɗanda ke kan kujera yanzu suna karanta jarida a ofis, za su gani.

Na gode, Allah ya ƙara wa jarida albarka.

Naka,
Mai karatu daga Zariya