Final Kod ɗinmu haifaffen ƙarni na 19 ne, ya kamata a sake duba shi

Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon a ba ni fili in yi magana a kan kundin laifuffuka da hukunce-hukuncensu, wanda aka fi sani da Final Kod, domin kusan kullum jaridarku tana kawo labarin an gurfanar da wani a kotu a ƙarƙashin sashe kaza na wannan kundi, amma ban taɓa ganin an tsaya an faɗa wa masu karatu inda kundin ya samo asali ba. Na yi shekaru ina aikin rajistara a kotun majistare kafin in yi ritaya, kuma na lura cewa ko a cikin ma'aikatan kotu akwai masu ɗaukar cewa gwamnatin Sardauna ce ta zauna ta ƙirƙiro shi tun daga tushe, wasu kuma suna ɗaukar cewa daga Ingila aka ɗauko shi kai tsaye.

Asalinsa Indiya ne. A 1834 wani Bature mai suna Thomas Macaulay ya isa Indiya, aka ɗora masa jagorancin hukumar da za ta tsara dokar laifuffuka guda ɗaya ga ƙasar da ke cike da Hindu da Musulmi da mabiya wasu addinai, kowa da al'adarsa. Ya miƙa daftarinsa a 1837, aka ajiye shi fiye da shekara ashirin, sai a 1860 ya zama doka, ya fara aiki a farkon 1862. Da Turawa suka ci Sudan da yaƙi, suka kwaikwayi kundin Indiya suka yi wa Sudan nata a 1899. Daga Sudan ya iso mana. Gab da samun 'yancin kai, bayan ƙananan ƙabilu sun kai kokensu gaban hukumar Willink game da shari'ar laifuffuka a kotunan alƙalai, gwamnatin Jihar Arewa ta kafa kwamitin masana shari'a a 1958 ƙarƙashin Alƙalin Alƙalan Sudan, Sayyid Muhammad Abu Rannat, kwamitin ya ba da shawarar a bi tsarin Sudan, saboda ƙasa ce mai rinjayen Musulmi wadda ta daɗe tana aiki da shi. Majalisa ta amince da kundin a 1959, ya fara aiki ranar 30 ga Satumba, 1960, ana gobe za a karɓi mulki.

An yi masa 'yan ƙare-ƙare domin ya dace da mutanen Arewa, kamar sashe na 387 da na 388 a kan zina, da na 403 a kan Musulmin da ya sha giya. Amma ƙashin bayansa na Macaulay ne, har misalan da ake jerawa ƙarƙashin sassa, inda ake cewa A ya yi wa Z kaza, salon da ya shigo da shi ne domin alƙalin da ba lauya ba ya fahimci nufin doka. 'Yan'uwanmu na Kudu su ma gadon ƙarni na 19 suke amfani da shi, domin kundinsu an ɗauko shi ne daga wanda Samuel Griffith ya rubuta wa jihar Kwinslan ta Ostireliya a 1899, kuma Lugga ya fara ɗora shi ne a nan Arewa a 1904 kafin a game ƙasa da shi a 1916.

Ba ina cewa tsufa aibi ne ga doka ba. Littattafan fiƙihun Malikiyya da alƙalan Daular Sakkwato suka yi hukunci da su sun girmi Macaulay da ɗaruruwan shekaru, kuma har yau da su ake raba gado a kotunanmu. Shi ma Final Kod yana da kyawunsa: jimlolinsa gajeru ne, ma'anoninsa a fili suke, kuma na ga alƙalai da yawa da suka yi adalci da shi. Damuwata ita ce a cikinsa akwai sassan da aka gina a kan fahimtar mutanen 1860 game da lafiyar ɗan Adam, ilimi ya wuce wurin, mu kuma muna riƙe da su.

Misalin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne sashe na 231, wanda ya tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara ɗaya, ko tara, ko duka biyun, ga wanda ya yi yunƙurin kashe kansa. Wannan shi ne sashe na 309 na kundin Indiya, hukuncin ma iri ɗaya ne. Na taɓa rubuta takardun shari'ar wani saurayi da aka kawo daga gadon asibiti zuwa gaban kotu a ƙarƙashin wannan sashe, mahaifiyarsa tana zaune a bayan kotu tana kuka, shi kuwa ko ɗaga kai bai iya yi ba. Kowa a ɗakin ya san likita yake buƙata, amma takardar tuhuma ce a gabanmu. Na san za a ce addini ya haramta wa mutum kashe kansa, kuma haka ne, babu Musulmi ko Kirista da ke jayayya a kan haka. Sai dai haramcin abu daban, kai mai ciwon damuwa gidan yari daban, kuma tsoron 'yan sanda yana sa iyalai su ɓoye irin wannan mara lafiya a ɗaki maimakon su garzaya da shi asibiti.

Ƙasashe da dama, har da waɗanda muka ara daga wurinsu, sun riga sun sauya. Ingila ta daina ɗaukar wannan a matsayin laifi tun 1961. Pakistan, wadda ta gaji kundin Macaulay kamar yadda muka gada, ta soke sashen a 2022, Ghana ta yi haka a 2023. Indiya kanta ta ajiye kundin 1860 gaba ɗayansa, sabon kundinta ya fara aiki ranar 1 ga Yuli, 2024. A nan gida an sa hannu a kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa a farkon 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta zamanin Turawa, kuma bai dace doka ɗaya ta kira mutum mara lafiya, wata ta kira shi mai laifi ba.

Abin bai tsaya a laifuffuka ba. Har yanzu dokokin gama-gari da ke aiki a Ingila ranar 1 ga Janairu, 1900, suna cikin dokokinmu matuƙar ba a maye gurbinsu ba, shi ya sa a jihar da ba ta yi tata dokar ba, rigimar ciniki tsakanin 'yan kasuwa biyu tana iya komawa kan dokar saye da sayarwa ta 1893, wadda Ingila ta sabunta tun 1979.

Gyaran Final Kod yana hannun majalisun dokokin jihohi, ban da na Abuja da ke hannun Majalisar Tarayya, kuma Jihar Kaduna ta nuna mai yiwuwa ne da ta fitar da sabon nata a 2017. Ina kira ga sauran majalisu su bi kundin sashe bayan sashe tare da alƙalai da lauyoyi da malaman addini da likitoci, su fara da sashe na 231. Ku kuma, Edita, ina roƙon ku aiki wakilanku su tambayi kwamishinonin shari'a na jihohinmu yaushe aka yi wa kundinsu cikakken nazari na ƙarshe, ku buga mana amsar kowannensu.

Wassalam.

Tsohon rajistaran kotu,
Zariya.