An yi mana titi, amma ruwa ya koma cikin gidajenmu

Malam Edita, assalamu alaikum, da fatan kana lafiya kai da abokan aikinka. Dan Allah a ɗan ba ni fili in faɗi abin da ya daɗe yana cin raina game da layinmu, don na tabbata ba mu kaɗai ba ne, duk wanda aka yi wa aikin titi a unguwarsu cikin ƴan shekarun nan zai gane abin da nake nufi.

Tun farko bari in faɗa, ni ba na cikin masu ƙin gini ko ƙin ci gaba. Wallahi mu muka roƙi titin nan, shekara da shekaru muna roƙo. Na fi shekara ashirin a layin nan, na san yadda yake a da, da rani ƙura ce har cikin ɗaki, ka share da safe kafin azahar ta dawo, da damina kuma taɓo ne wanda ko mai babur in ka ce masa ya shigo da kai sai ya ce a'a ya sauke ka a bakin layi ka ƙarasa da ƙafa. Ranar da katafila da gireda suka shigo yara bin su suka dinga yi da gudu suna ihu, mu manya ma muna tsaye a ƙofar gida muna murna. Ni da kaina na kai wa leburorin ruwan sha a ranar.

To amma ga abin da ya faru. Da suka zo ba su haƙe tsohuwar ƙasar ba, kawai burji suka dinga zubawa a kai, tifa bayan tifa, rola ta danne, a zuba wani, a danne, sannan tsakuwa, sannan kwalta a sama. Da aka gama sai titi ya tashi ya fi ƙofofin gidaje tudu. Akwai wani dattijo maƙwabcina, duk layi Baba muke ce masa, a da in za ka shiga gidansa sai ka taka dakali ɗaya ka hau, yanzu kuwa gangarawa ake yi. Na tsaya a bakin ƙofarsa na gwada da ƙafata, kwaltar ta kusa kai min gwiwa. Kuma kowa ya sani kwalta ba ta shan ruwa, a da ƙasar layin kan shanye wani, ragowar ya bi gangare ya tafi, yanzu duk ɗigon da ya sauka a kan titi sai ya nemi inda ya fi ƙasa, kuma inda ya fi ƙasa a layinmu shi ne tsakar gidan mutane.

Ruwan farko mai ƙarfi da dare ya zo, wajen ƙarfe biyu. Ihun yara na ji na fito da tocila, na tarar da Baba a tsaye cikin ruwa har idon sawu, ya naɗe wando, bokiti a hannunsa yana kwarfa yana watsawa waje, ruwan kuma yana dawowa ta ƙofa kamar ba a yi komai ba, jikokinsa biyu suna ta kokawar ɗora katifa a kan benci, matarsa ta rungume buhun takardu ta rasa inda za ta ajiye. Mutumin da ya haura shekara saba'in fa. Muka taru muka taya shi har asuba. Washegari ya sayo bulo ya sa birkila ya ja masa ɗan gini a bakin ƙofa, kuma tun daga ranar duk shiga da fita sai ya dafa bango ya ɗaga ƙafa ya tsallake, ga shi da ciwon gwiwa. In ka bi layinmu yau kusan kowace ƙofa akwai irin wannan ɗan ginin, wani jere ɗaya wani biyu. Katangu kuma daga ƙasa duk sun jiƙe, filasta tana ɓarewa, wani fari-fari kamar gishiri ya fito musu, wanda ya san gini ya san wannan alamar danshi ne yana hawa daga fandisho, kuma a hankali yake cin gida.

Lokacin aikin na taɓa tsayar da injiniyan da ke kula da wajen na yi masa magana, kuma gaskiya bai wulaƙanta ni ba, ya saurare ni, ya ce Alhaji na ga abin da kake nunawa amma ni zanen da aka ba ni shi nake bi. To wa ya yi zanen? Wani ne a ofis da bai taɓa tsayawa a layin nan ana ruwa ba. Na ga sun zo da na'urar nan mai ƙafa uku suna leƙawa suna rubutu, na ɗauka awon da zai nuna tudu da kwari ne har da ƙofofinmu, ashe titin kawai suka auna. Alhali ka tambayi duk wani yaro ɗan shekara goma a layin nan ina ruwa yake bi in an yi ruwan sama, zai kama hannunka ya kai ka har inda yake taruwa. Ba wanda ya tambaye mu komai, ko sau ɗaya ba a tara mu an ce ga abin da za a yi ba, jan fenti kawai muka wayi gari muka gani a jikin katangu.

Sai maganar kwata. An yi ta a gefe biyu, mai zurfi, amma a buɗe aka bar ta babu silaf, kowa ya nemo katako ko tsohon ƙyaure ya shimfiɗa a ƙofarsa yana takawa. Wata yarinya ƴar makwabta tana dawowa daga aike da magariba ta zurma ciki, haɓarta ta fashe sai da aka yi mata ɗinki. Abin da ya fi ba ni takaici shi ne kwatar ba ta kai ko'ina ba, a kwanar layi ta tsaya, ba a haɗa ta da babban kwalbati ba, saboda haka ruwa kwanciya yake yi a ciki sati da sati ya yi baƙi ya yi wari, sauro kuma ba a magana. Kankaren ma da aka zuba, yau an zuba gobe an cire katako an wuce gaba, ban ga ranar da wani ya zo ya ba shi ruwa ba, kuma ko ƙaramin birkila ya san kankare yana son a dinga jiƙa shi aƙalla kwana bakwai, kuma sai ya yi kamar kwana 28 kafin ya kai ƙarfin da ake lissafa masa. Yanzu haka bakin kwatar ya fara marmashewa, a wasu wuraren har rodi ya leƙo.

Amma fa Malam Edita in zan faɗi gaskiya ba duka laifin ɗan kwangila ba ne, mu ma muna da namu, kuma babba. Titi na zuwa fili ya yi daraja, masu tsofaffin gidaje suka fara sayarwa, wasu magada ne suka raba, sai ga benaye da jerin shaguna suna tashi ta ko'ina. Ba laifi, kowa da haƙƙinsa a kan filinsa. To amma me ya sa mai gini zai sa tifa ta juye masa yashi a tsakiyar hanya ya bar shi wata uku? Ruwa ɗaya in an yi rabin yashin nan ya gangara cikin kwata ya toshe ta. A kan sabuwar kwaltar ake kwaɓa siminti, a bar tabonsa ya daskare, rodi a jibge a gefe da tsininsa a waje daidai idon yaro. Ranar da ake zuba dakin, wato kankaren rufin bene, kuwa layi rufewa yake gaba ɗaya, ba sallama ba ban haƙuri, mai mara lafiya ma sai dai ya zagaya. Sannan duk wanda ya gama gininsa sai ya shafe tsakar gida da siminti ko ya shimfiɗa intalok har bakin get, ko tafin hannu na ƙasa ba ya bari, ya fito da bututu ya saki ruwan rufinsa a kan titi, shi ya huta, wanda ke ƙasa da shi ya kwana yana kwarfa. Masu shaguna su ma sun ja rumfa sun cinye ɗan gefen da mai tafiya a ƙasa zai bi, ga janareta a ajiye a waje, sharar shago kuma a tura ta kwata da tsintsiya. Wannan ba gwamnati ce ta yi mana ba.

Akwai darbejiya guda uku a layinmu da na tarar da su tun zuwana, duk an sare. Biyu dai na yarda suna kan hanya, amma ta ukun wallahi ba ta tare komai ba, don katafila ta samu wajen juyawa aka kayar da ita, aikin minti ashirin, bishiyar da ta fi wasu masu aikin shekaru. A ƙarƙashinta dattawan layi suke zama da yamma, kuma mutane suna ɗauka zaman banza ne, ba zaman banza ba ne. Su suka san ɗan wane ne wannan, su suke ganin baƙon fuska in ya cika kai-kawo, yaro in ya fito da kuka su za su tambaye shi, in ya nufi bakin hanya su daka masa tsawa ya dawo. Matata takan ce in suna wajen hankalinta kwance yake ko yara suna waje. Yanzu babu inuwa babu zama, kowa ya shige gida, sababbin maƙwabta kuma katanga ce doguwa da waya a sama da baƙin get, motarsu muka sani ba mu san fuskarsu ba, akwai wanda shekararsa biyu a layin nan ban taɓa jin muryarsa ba. Da rana kuwa kwalta ta ɗauki zafi, katangun siminti su ɗauka, har bayan isha'i suna huci, ɗakin da a da kake kwana da taga a buɗe ka ji iska yanzu sai ka yi ta juyi.

Abin da ya fi tsorata ni shi ne gudu. A da ramuka ne suke tilasta wa direba ya tafi a hankali, yanzu hanya ta yi sumul ta miƙe, masu gudun cunkoson babban titi sun gano ta, sai su shigo ta layinmu su taka mota kamar ba gidajen mutane ne a gefe ba. Inda yaranmu suke buga ƙwallo jiya nan ne mota take wucewa a guje yau, kuma ba a ba su wani filin ba, wanda ke bayan layi ma an yanka shi fuloti-fuloti. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan mutum miliyan 1.19 ne suke mutuwa a haɗarin hanya duk shekara, fiye da rabinsu masu tafiya a ƙasa ne da masu keke da babur, kuma haɗarin hanya shi ne kan gaba wajen kashe yara da matasa daga shekara 5 zuwa 29. Ni da na karanta wannan fuskar yaran layinmu na gani. A 2020 ƙasashe sun yi taro a Stockholm ta ƙasar Suwidin suka yi kira da a tsayar da gudu a kilomita 30 a awa a duk inda mutane da motoci suke cakuɗuwa, birnin Paris kuma ya mayar da yawancin titunansa haka a 2021. Mu ba mu ce a yi mana na Paris ba, tudun rage gudu guda biyu ko uku da aka yi da awo, ba irin wanda matasa suke tarawa da ƙasa cikin fushi bayan an buge wani ba, da ɗan gefe mai tsayi da yaro zai bi ya je makaranta, wannan ai bai fi ƙarfin wanda ya iya shimfiɗa kwalta ba.

Kuma kar wani ya ce ai an riga an yi, shikenan. A birnin Seoul na Koriya ta Kudu akwai rafin da aka rufe da kankare aka ɗora gadar sama a kai shekaru da yawa, a 2003 suka fara rushe gadar, zuwa 2005 sun buɗe rafin mutane suna yawo a bakinsa. In har za a iya sauke gadar sama guda don an gane an yi kuskure, haɗa kwatarmu da kwalbati da ɗora mata silaf ba zai gagara ba. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce a 2018 kashi 55 cikin 100 na mutanen duniya a birane suke, kuma ana sa ran ya kai kashi 68 nan da 2050, kenan layuka irin namu da za a zuba wa kwalta nan gaba suna da yawa, shi ya sa nake ganin maganar ta cancanci shiga jarida, ko ba don mu ba don na bayanmu.

Roƙona ga masu ba da aikin nan, kafin katafila ta shiga kowane layi a tara mutanen wajen ko na awa ɗaya ne a ji ta bakinsu, a auna ƙofofinsu tare da titin, in ana buƙatar haƙa a haƙa kafin a zuba burji, kuma kar a sallami ɗan kwangila sai an ga ruwan sama ɗaya ya sauka an ga inda ya bi. Bishiyar da aka sare a dasa wata, mu mun yarda za mu ba ta ruwa, ni zan ɗauki ta ƙofar gidana. Ƴan uwana masu gini kuma dan Allah ku ji tsoron Allah ku kwashe yashinku daga hanya, ku bar ɗan wajen da ruwa zai nutse a cikin gidajenku.

Mun rubuta takarda mun sa hannu mu goma sha tara mun kai ofishin da abin ya shafa, an karɓa an buga hatimi an ce za a turo a duba, yau wata biyar kenan. Hadari ya fara haɗuwa, shekaranjiya na ga Baba ya sake kiran birkila ya ƙara jeren bulo na biyu a ƙofarsa, yanzu sai jikansa ya riƙe masa hannu yake iya fita.

Na gode Malam Edita, Allah ya ƙara basira.

Naku,
Wani mazaunin layin