A zo a auna numfashin gawo a gonakinmu

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ni malamin kimiyya ne a nan Maraɗi, amma ɗan manomi ne, kuma har yanzu duk damina ina gonar mahaifinmu a wajen Agye. A cikinta akwai gawo goma sha bakwai da muka raina daga kututture. Saboda su na ɗauki alƙalami.

Tun 1983 da Tony Rinaudo, mutumin Ostareliya, ya fara aikin rainon toho tare da manoman yankinmu, wannan aiki da ake kira sassaben zamani ya bazu har ana ƙiyasta itatuwa miliyan 200 a kan hekta miliyan 5 a ƙasar Nijar. Yanzu kuma ana ta zancen kuɗin kabon, wato kuɗin da ake biya saboda iskar kabon da itatuwa ke shanyewa. To, wa ke lissafa kabon da itatuwan nan ke sha, kuma da me?

Wahalar ita ce ganye yana shan iskar kabon da rana, amma itacen da ƙasar da ke ƙarƙashinsa suna fitar da ita dare da rana. Na'ura tana ganin abin da ya rage ne kawai, kamar ka leƙa rumbu ka ga dami goma ba tare da ka san nawa aka zuba, nawa aka ɗiba ba. Sai masana suka koma ga wata iska da ake kira kabonil salfaid. Kaɗan ce ƙwarai, wajen kashi 500 cikin tiriliyan ɗaya, alhali iskar kabon ta haura kashi 420 cikin miliyan. Tana shiga ta ƙananan ƙofofin ganye tare da kabon, sai wani sinadari a cikin ganyen ya wargaza ta, ba ta komowa. Idan ka auna yawan da ta ragu a saman gona, ka samu hanyar sanin abin da ganye ya sha tsantsarsa. Da wannan dabara, wani bincike da mujallar Nature ta buga a 2024 ya ce tsirran duniya suna shan tan biliyan 157 na kabon a shekara, ba 120 da aka daɗe ana riƙewa ba.

Idan lissafin duniya gaba ɗaya zai iya motsawa haka, ina ga namu? Mafi yawan hasumiyoyin da ake ɗora na'urorin awon iska a kansu suna Turai da Amurka ta Arewa. Tsarin lissafin kwamfuta da aka gina da dazukansu bai san halin gawo ba. Kowane yaro a ƙauyenmu ya san gawo yakan zubar da ganye da damina, ya yi kore shar da rani lokacin da komai ya bushe. Gero da dawa ma hanyarsu ta sarrafa kabon ta bambanta da ta wake da itatuwa, don haka ma'aunin iskar nan ba ɗaya ba ne a kansu. Ga kuma ƙasa mai zafi da hayaƙin ƙone-ƙone, su ma suna fitar da kabonil salfaid, dole a san rabonsu kafin a cire. Wannan ba aikin da za a yi daga nesa ba ne.

An taɓa kafa irin wannan hasumiya a Wankama, gabas da Yamai, a gonar gero da saura. Roƙona ga Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo da cibiyar binciken noma ta INRAN shi ne su nemi abokan aiki a kafa ɗaya a yankin Agye ko Tasawa, a haɗa mata na'urar kabonil salfaid, ɗalibanmu su riƙe ta rani da damina. Na'urar tana da tsada, na sani, kuma ƙurar hunturu ba ta barin komai. Idan fili ne matsalar, ni da ƙannena mun yi shawara, gonarmu tana nan.

Naka,
Wani malamin kimiyya, unguwar Zariya, Maraɗi