A sa ido kan gidajen da ake riƙon manya marasa ƙarfi a Maraɗi

Malam Edita, assalamu alaikum.

Muna roƙon fili a jaridarku domin wani riƙo da ba a cika zancensa ba. Daga Bagalam har Zariya da Ali Ɗan Sofo, akwai gidajen da aka ajiye tsoho, ko mai shanyewar ɓarin jiki, ko mai farfaɗiya, ko mai taɓin hankali, a hannun dangi na nesa ko maƙwabta, ƴaƴansa na Yamai ko Kano ko Libiya suna aiko kuɗi ƙarshen wata. Riƙon alheri ne, Allah ya saka wa masu yi. Sai dai duk binciken da ake yi bai wuce "Baba ya ci abinci?" a waya ba. Muna son a kafa ƙa'ida a rubuce, a kuma sa mai zuwa ya duba.

A fara da gyambon kwanciya, don shi ke cin mutum a ɓoye. Wanda ba ya iya motsi da kansa a juya shi kowace awa 2, dare da rana: dama, rigingine, hagu. Mutum biyu su ɗaga shi da zane, domin jan shi bisa katifa yana saɓule fata. A sa matashi tsakanin gwiwoyi, wani ƙarƙashin ƙwauri don diddige ya bar shimfiɗa. Lokacin wanka a duba tsatso, kwatangwalo, allon kafaɗa da diddige. A baƙar fata ba lalle a ga ja ba. Wurin yakan ƙara duhu, ya yi ƙyalli, ya yi tauri ko zafi in an taɓa. Daga nan kada a sake kwantar da shi ta wurin, kada a murza, kada a barbaɗa toka ko garin kafso. Ledar da ake shimfiɗawa saboda fitsari kuwa, in babu zane biyu a kanta, dafa fata take yi a zafin Afrilu da Mayu da ke wuce digiri 40.

Ciyarwa ma aiki ne mai ƙa'ida. Mai shanyewar jiki a zaunar da shi sosai, a ba shi da ƙaramin cokali ta gefen baki mai lafiya, a duba kumatu ko abinci ya maƙale, ya zauna minti 30 kafin ya kwanta. In yana tari ko muryarsa ta jiƙe bayan kurɓa, abin yana bin hanyar iska, ƙarshensa ciwon huhu. Koko ko fura mai kauri sun fi ruwa tsararo sauƙin haɗiya. Abin da ya fi ɓata mana rai shi ne rage masa ruwa don kada ya jiƙa shimfiɗa. Babba na buƙatar aƙalla lita 1 da rabi a yini, sai in likita ya taƙaita saboda zuciya ko ƙoda. Fitsari mai duhu da ruɗewar da ake cewa "tsufa ne" sau da yawa ƙishirwa ce.

Maganin farfaɗiya irin Gardenal ba a yanke shi rana ɗaya don kuɗi sun makara, yin haka na tayar da ciwon fiye da da. A riƙa ajiye na mako 2 a gaba. In mai farfaɗiya ya faɗi a kwantar da shi ta gefe, ba a tura cokali a baki, in ya wuce minti 5 sai asibiti. A nisanta shi da murhu da bakin rijiya. Mace ta yi wa mace wanka, a saki labule. Mutum ɗaya kada ya riƙe kwantattu fiye da 2, don juyin dare kaɗai ya isa ya karya shi.

Mari da sarƙa kam ba su da wurin zama, ko da sunan tsaro. Nijar ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin naƙasassu tun 2008, wadda ta ba mutum damar faɗin inda zai zauna da wanda zai zauna da shi. Saboda haka a tambaye shi kafin a kai shi gidan riƙo.

Roƙonmu ga hukumomin da'irori 3 na Maraɗi: kowane mai unguwa ya san gidajen riƙo na unguwarsa. Kowane gida ya ajiye littafi guda, a rubuta magani, lokutan juyi, da kuɗin da aka aiko da inda suka tafi. Kowane wata 3 majo, wato shugaban ƙaramin asibitin unguwa (CSI) mafi kusa, ya shigo ba sanarwa, ya ɗaga zane ya ga baya da idonsa, ya duba sange, ya ƙirga ƙwayoyin da suka rage ya gwada da littafin, sannan ya sa mai riƙo ya fita tsakar gida, ya zauna da majinyacin su biyu ya ji ta bakinsa.

Mun gode, Allah ya ƙara ɗaukaka.

Wasu ma'aikatan jinya, Maraɗi