Zuwa Ga Ɗiyata, Sabuwar Shugabar Ɗaliban Sashen Lissafi

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ɗiyata, bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, karatu kuma na tafiya daidai. Mu nan Tambuwal kowa lafiya lau, sai kewarki. Saƙonki ya iso cewa ɗaliban sashenku sun zaɓe ki shugabar ƙungiyarsu. Innarki ta kasa rufe baki don murna, duk wadda ta shigo gidan sai ta ba ta labari. Ni ma na ji daɗi ƙwarai. Allah Ya taya ki riƙo, Ya sa ki sauka lafiya. Na ga ya fi in rubuto miki da in kira ki a waya, don takarda kina iya komawa gare ta ranar da abubuwa suka cakuɗe miki.

Na karanta jerin abubuwan da kika ce ku da sauran shugabanni kuna son yi: makon ɗalibai, wasan ƙwallo tsakanin azuzuwa, buga riguna, liyafar cin abinci da raba lambobin yabo. Ba na ƙin ko ɗaya. Amma na lura darasin taimakon juna, wanda kuke kira tutoriyal, shi kika sa can ƙarshe. Ni da zan ba ki shawara, ki ɗauko shi ki mai da shi na farko, sauran su biyo baya idan lokaci da kuɗi sun ragu. Ƙungiyarku ta ilimi ce, kuma waɗanda suka fi kowa buƙatarta su ne 'yan aji ɗaya da waɗanda ke gab da faɗuwa, duk da cewa ba su ne masu ɗaga murya a taro ba.

Ke 'yar lissafi ce, bari in yi miki magana da harshenku. Wanda ya ci 70 zuwa sama a kwas ya sami A, maki 5 ke nan, wanda ya faɗi kuwa sifili ne, amma nauyin kwas ɗin yana nan cikin abin da za a raba makinsa da shi. A ce yaro ya ɗauki yunit 40, wato jimillar nauyin kwasa-kwasansa, a shekarar farko, ya tashi da matsakaicin maki 2.0. Shekara ta biyu ya farka, ya ɗauki wasu 40 ya ci 4.0. Idan aka haɗa, 3.0 yake da shi, bai ma kai 3.50 da ake nema don digiri mai daraja ta biyu babba ba, balle 4.50 na daraja ta ɗaya. Sakacin wata takwas ko tara sai ya bi shi har ranar yaye su. Yawancin sababbin ɗalibai ba su san haka ba sai sakamako ya fito. Ki tara su tun makon farko, ki sa a rubuta musu wannan lissafin a allo su gani da idonsu. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Shekarun da na yi ina koyarwa a sakandare sun sa na san irin yaran da muke turo muku. Yaro mai kaifin basira ne, amma makarantarsu ta ƙauye ba ta taɓa samun tsayayyen malamin lissafi ba, Turancinsa kuma na karatu ne, bai saba jin ana zuba shi da sauri ba. Sai ga shi cikin babban zaure tare da ɗaruruwan ɗalibai, malami na can gaba, shi yana kujerar baya yana kwafar abin da bai gane ba. Kunya ba za ta bar shi ya ɗaga hannu ba. In kin tambaye shi ya karatu, zai ce Alhamdu lillahi. Bayan mako shida sai ya fara ƙin zuwa lakca, ba don lalaci ba, don ya fid da rai. Irin wannan yaron, minti talatin da ɗan aji uku zai zauna da shi, ya warware masa abin da Hausa, ya bar shi ya gwada da hannunsa, na iya ceto masa shekara guda.

Sai dai ki kiyaye wani abu. Jami'arku ta Usmanu Ɗanfodiyo ta tarayya ce, tun da aka kafa ta a 1975 da sunan Jami'ar Sakkwato, kafin a sauya mata suna a 1988. Akwai 'yan Kwara da Kogi da Oyo da sauran wurare a cikinku, su ma sun biya kuɗin ƙungiya, wasunsu kuma sun jefa miki ƙuri'a. Babban darasi a yi shi da Turanci kowa ya amfana, bayani da Hausa a yi shi a ƙananan rukuni ga mai buƙata. Kada baƙo ya shigo taronku ya ji kamar ya ɓata hanya.

Kada kuma ki ce ke za ki koyar da kowa. Ba za ki iya ba, karatunki ne zai sha wuya. Kina zaune a garin da aka daɗe da warware wannan matsalar. Nana Asma'u, 'yar Shehu, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ba ta bi ƙauye-ƙauye da ƙafarta tana karantarwa ba. Ta zaɓi mata dattijai masu amana, ta naɗa su jaji, ta ba kowacce malfa alamar matsayinta. Su ke jagorantar 'yan taru, wato mata masu neman ilimi, zuwa wurinta, su ɗauki karatu cikin waƙoƙi masu sauƙin haddacewa, su koma su koyar da na gida. Shi ya sa aikin bai mutu da rasuwarta ba. Ke ma ki nemo naki jajin daga 'yan aji uku da aji huɗu, maza da mata, kowane ki damƙa masa sababbi biyar ko shida, ya san sunayensu da inda suke kwana, ya lura idan ɗaya ya ɓace. Ba dole sai wanda ya fi kowa maki ba. Sau da yawa wanda ya taɓa faɗuwa kwas ya maimaita ya ci, ya fi sanin inda ake tuntuɓe, ya kuma fi haƙuri.

Wajen tsara lokaci ki tuna da kowa. A watan Afrilu zafin Sakkwato kan wuce digiri 40, ba mai fahimtar lissafi da ƙarfe biyu na rana. Darasin dare kuma ya dace da mazauna ɗakunan kwanan makaranta ne kawai. Wadda ke zaune cikin gari, Mabera ko Runjin Sambo, dole ta kama mota daga harabar jami'a can wajen Dundaye kafin magariba. Akwai matan aure masu goyo da ke barin aji da an tashi, don girki na jiransu. Ku ware musu safiyar Asabar, ko ku riƙa ɗaukar hoton abin da aka warware ku tura a zauren WhatsApp. Tambayoyin jarrabawar shekarun baya ku tattara su wuri ɗaya, kowa ya samu kyauta. Ku kuma kai sababbi ɗakin karatu na Abdullahi Fodiyo ku nuna musu yadda ake neman littafi.

Wani lokaci ba karatun ne ya gagari ɗalibi ba, yunwa ce. Kin san halin da mutanen Isa da Sabon Birni da yankin Zamfara ke ciki saboda 'yan bindiga. Akwai iyayen da suka bar gonakinsu, ba su da abin turo wa 'ya'yansu. Tun 2024 akwai asusun bashin karatu na NELFUND, amma wasu ba su san yadda ake cikewa ba. Rana ɗaya da kwamfuta biyu ta isa ku taimaki mutane da yawa. In kuma kun haɗa wa wani gudunmawa, a ba shi a asirce. Kada in ga hoton ɗan wani a Facebook yana karɓar taimako daga hannunki.

Maganar kuɗi gajera ce. Kada sisin ƙungiya ya kwana a asusunki. Ma'aji ya riƙe, mutum biyu su sa hannu kafin a fitar, malamin da ke kula da ƙungiyarku ya sani. Duk ƙarshen zango ki manna abin da ya shigo da abin da ya fita a allon sanarwa, ko ba wanda ya tambaya. In kuka je neman tallafi wurin wani babba, kada ki tafi ke kaɗai, kada kuma ku sayar da lambar yabo don a ba ku kuɗin liyafa.

Za ki kusanci malamai yanzu, kuma wasu abokanki za su zo su ce ki roƙa musu maki ko ki leƙo musu abin da zai fito. Ki ce a'a tun karon farko, da fara'a amma ba sassauci. Abin da ya halatta ki kai wa shugaban sashe shi ne koken da ke da gaskiya: sakamakon da ya ɓace, jarrabawa biyu da suka ci karo, ajin da ba fanka. Ki kai a rubuce, cikin ladabi, bayan kin tabbatar da maganar.

Ke kanki kuma fa, kada makinki ya sauka. Yajin aikin malamai na 2022 ya cinye wa ɗalibai wata takwas, yayanki na cikin waɗanda abin ya shafa, kin ga yadda zaman gida ya dame shi. Ba ma son ki ƙara wa kanki ko zango ɗaya. Ki ware sa'o'in da wayarki za ta kasance a kashe, ki riƙe sallarki a kan lokaci, ki riƙa cin abinci. Tun yanzu kuma ki fara jawo 'yan aji biyu cikin aikin, ki buɗe littafi guda da za a rubuta duk abin da kuka tsara, don masu gadonku su tarar da shi.

Innarki ta ba direban da ke shigowa Sakkwato ranar Juma'a ƙullin garin kunu da ƙuli-ƙuli, za ta kira ki in ya taso. Ƙannenki na gaishe ki. In kin zo hutu ki taho mini da jadawalin tutoriyal ɗin da sunayen waɗanda kika ɗora a kan kowane rukuni, mu duba tare.

Allah Ya yi miki albarka.

Naki,
Babanki