Sukuwar nishaɗi a Jos: a raba yaranmu da 'yan caca

Assalamu alaikum Edita,

Ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida tamu mai farin jini in yi magana a kan abin da ke ci mana tuwo a ƙwarya, mu masu harkar dawaki a nan Jos. Sana'ata sayar da abincin dawaki da kayan hawa: dusa, harawa, kanwa, linzami, ragama da majayi. Gadonta na yi daga mahaifina, kuma da ita nake ciyar da iyalina. Saboda haka duk abin da ya taɓa barga ya taɓa ni.

A 'yan shekarun nan masu shirya sukuwa sun ɓullo da wani salo, musamman lokacin bukukuwan Sallah da na ƙarshen shekara. Tsakanin manyan tsere sai a saka na nishaɗi: tseren jakuna, tseren yara a kan kuru, tseren dattawa masu furfura, wani lokaci ma a haɗa saurayi mai gudu da doki a gajeriyar tazara, a ba saurayin rata. Tun farko ina so a fahimce ni, ni mai goyon bayan wannan salo ne. Sukuwa ta fara zama wasan masu hali su kaɗai, domin ciyar da doki ɗaya a yau ya fi ƙarfin mai ƙaramin albashi, samari kuma sun koma gidajen kallon ƙwallo. Tseren nishaɗin nan shi ya dawo da mata da yara bakin fili. Duk wanda ya taɓa ganin jaki ya ja ya tsaya cak a tsakiyar fili, mahayinsa na lallashi, jama'a na dariya har da riƙe ciki, ya san abin da nake faɗi. Kuma hawan kuru ba baƙon abu ba ne a kan wannan dutse. Berom da maƙwabtansu sun daɗe suna hawan ƙananan dawakinsu ba sirdi, tun kafin zuwan Bature da haƙar kuza, har yau kuma ana ganin mahayansu a bikin Nzem Berom.

A ƙasashen waje ma ana irin wannan. A wani ɗan gari a yankin Wales na Birtaniya, tun 1980 ake tsere tsakanin mutane da dawaki a kan tazarar kusan mil 22, ta cikin tuddai da laka. Dawaki suka yi ta riga masu gudu da ƙafa isa har 2004, shekarar da wani mai gudu, Huw Lobb, ya riga dokin farko isa, ya karɓi fam 25,000. Mutane na zuwa daga nesa don kallo. Ke nan laifin ba a wasan yake ba.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne abin da ke faruwa a bakin igiya. Yanzu kafin a saki dabbobi za ka ga samari na zagayawa da takarda da biro, wasu da na'urar POS, suna karɓar kuɗi a kan wane jaki ko wane yaro ne zai zo na ɗaya. Da ɗari biyar aka fara, tsakanin abokai. Yau ana tura dubbai ta waya. Tun da abin ya shigo, kallon kansa ya sauya. A da, makaɗa na yi wa mahayi kirari, mata na rangaɗa guɗa, wanda ya zo na ƙarshe ma ana tafa masa, wani dattijo ya danƙa masa 'yan kuɗin alewa. Wanda ya zuba kuɗinsa kuwa ba ya ganin yaro, ba ya ganin doki, dubu biyar ɗinsa kawai yake gani tana gudu.

A wani taro da na halarta, kurun wani yaro da bai wuce shekara goma sha biyu ba ya firgita da ƙarar ganga dab da ƙarshen tsere, ya kauce gefe, na bayansa ya wuce. Duk mai kiwon doki ya san wannan abu ne da ke faruwa kullum. Amma kafin yaron ya sauka, ƙarti sun kewaye shi, ana jifansa da ledar ruwa, ana cewa an saye shi, ana zagin iyayensa. Yaron na riƙe da linzami yana kuka, jikinsa na rawa. Da kyar muka fitar da shi. Mahaifinsa abokin cinikina ne, ya ce mini ɗansa ya bar hawa a bainar jama'a ke nan. Yaro ne mai hannu, ya iya zama a kan doki, irin wanda ake sa ran zai gaji barga.

Akwai dalilin da ya sa caca ta fi muni a kan tseren nishaɗi fiye da babbar sukuwa. A babbar sukuwa doki yana da tarihi. An san uwarsa da ubansa, an san wanda ke yi masa kilisa, an san nasarorinsa, mai shi kuma yana da sunan da yake karewa. Jaki fa? Ko mai shi bai san abin da zai yi ba idan an sake shi. Sannan kyautar da ake bayarwa a irin wannan tsere 'yar kaɗan ce, wani lokaci atamfa ko 'yan dubbai, alhali kuɗin da ke yawo a bakin igiya ya ninka ta sau da yawa. Idan kuɗin waje ya fi kyautar ciki, abu mafi arha da za a saya a filin shi ne mahayi. Wanda ya karɓi kuɗin mutane a kan kurun da kowa ke so, riba ce gare shi ya ba yaro dubu biyu ya ja linzami. Yaron da ya karɓa ya koyi ha'inci tun yana ƙarami. Wanda bai karɓa ba kuma ba shi da hanyar wanke kansa, domin zargin ya riga ya shiga zukatan mutane.

Su ma dabbobin suna ɗanɗana kuɗarsu. Na ga jaki da sawun bulala har jini a cinya. Samari sun sha zuwa shagona suna tambaya ko ina da maganin da za a ɗura wa dabba ta yi gudu. Ba na sayar da irinsa, kuma ina gaya musu gaskiya, dabbar da aka kwana ana ba ta ƙwaya zuciyarta na iya bugawa a tsakiyar fili da yaro a bayanta.

Wannan ɗabi'a ba a barga aka haife ta ba. Daga shagunan caca ta taso, waɗanda suka cika unguwanninmu. A ciki akwai allo da ke nuna tseren dawaki da na karnuka duk bayan 'yan mintuna, dare da rana. Waɗannan ba dawaki ba ne, zane ne na kwamfuta. Na'ura ce ke fitar da sakamako, hoton da ake gani kuwa ado ne kawai, kuma an tsara lissafin yadda a ƙarshe mai shago ne da riba. Amma za ka tarar da saurayi yana rubuta lambobin da suka ci a baya, yana cewa ya gano lagon abin. Wanda ya saba da tsere duk minti uku, idan ya zo fili na gaske ba ya iya zaman kallo haka kawai, sai ya nemi inda zai zuba. Ko a Ingila, da annobar korona ta hana babbar gasarsu ta Grand National a 2020 aka nuna ta kwamfuta a talabijin, sai da aka ƙayyade cewa kada kowa ya zuba fiye da fam 10, ribar kuma aka miƙa ta ga asusun tallafa wa asibitoci. Su da suka halatta caca ke nan.

Wasu na cewa ai Musulunci ma ya yarda da tsere don kyauta. Gaskiya ne. Ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa Manzon Allah (SAW) ya sa an yi tseren dawaki a Madina, waɗanda aka horar daga Hafya zuwa Saniyyatul Wada'i, waɗanda ba a horar ba kuma a tazara mafi gajarta, zuwa masallacin Bani Zuraiƙ. Malamanmu sun karantar da mu cewa kyauta ta halatta idan ta fito daga wanda ba ya cikin tseren, kamar sarki ko wani mai hali. Amma 'yan kallo su tara kuɗi wani ya kwashe na wani, wannan ita ce cacar da aya ta 90 a Suratul Ma'ida ta haɗa da giya ta ce a nisance su. Saudiyya ta fara gasar Saudi Cup a Riyad a 2020 da kyautar dala miliyan 20, kuma babu tagar caca a filin. Maƙwabtana Kirista ma da muke hira da su, ba wanda na ji yana son ganin ɗansa a wannan layi.

Sai abin da ya fi tayar mini da hankali, wanda duk ɗan Jos zai gane. Mun ga rikicin 2001, mun ga na 2008 da na 2010. Unguwanni sun rabu, kasuwanni sun rabu. Filin dawaki na cikin wurare ƙalilan da har yanzu mutumin Gangare da na Tudun Wada, Bahaushe da Berom da Anaguta da Afizere, ke tsayawa kafaɗa da kafaɗa suna dariya a kan abu ɗaya. Mun san yadda ƙaramar gardama ke sauya suna kafin ta kai bakin titi. Rigimar dubu uku tsakanin samari biyu da ba addininsu ɗaya ba, a cikin taron ɗaruruwan mutane, ba abin da za a yi wasa da shi ba ne a garin nan.

Na ji masu cewa idan aka hana caca jama'a za su daina zuwa. Ban yarda ba, domin kafin 'yan takarda su shigo fili yana cika. Waɗanda na ga sun fara janye ƙafa su ne iyaye masu zuwa da 'ya'yansu. Na kuma yarda ba wanda zai iya hana mutum biyu yin yarjejeniya a asirce. Amma mai zagayawa da POS a fili kowa na ganinsa, masu shirya taro kuma suna da 'yan sintiri a ƙofa. Wanda ya iya hana mai tallan rake shiga, zai iya hana wannan.

A Nuwamban 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin cewa kula da harkar caca hurumin jihohi ne, dokar tarayya ta 2005 a Abuja kaɗai take aiki. Don haka gwamnatin Jihar Filato da Majalisar Dokokinta ba sa buƙatar jiran kowa. Ina roƙon su haramta karɓar caca a kan duk wani wasa da yara 'yan ƙasa da shekara 18 ke ciki, su kuma sa hakan cikin sharuɗɗan ba da izinin taro. Ƙasar Katar ta hana sa yara tseren raƙuma tun 2005, ta koma amfani da mutum-mutumi. Mu ba mu kai ga haka ba, kuma ba na so mu kai. Ina so yaranmu su ci gaba da hawa, da hular kwano a kansu, da yardar iyayensu, da likitan dabbobi a bakin fili yana duba ƙafa da numfashin kowace dabba kafin a sake ta. Ga cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta ƙasa da ke Vom nan kusa da mu, masana ba su yi mana ƙaranci ba.

Masu martaba sarakunanmu da attajiranmu kuma su ɗauki nauyin kyaututtukan, a ƙara musu auki, a ba kowane yaro da ya kammala tsere wani abu ko da na ƙarshe ya zo. Ni ba mai kuɗi ba ne, amma na yi alkawarin buhun dusa da sabon linzami ga tseren yara na gaba a duk filin da aka sanar ta lasifika cewa ba a karɓar caca. Na yi magana da wasu abokan sana'ata a kasuwa, su ma sun ce za su sa hannu.

Na gode, Edita. Allah Ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Naka,
Wani mai sayar da kayan dawaki,
Gangare, Jos, Jihar Filato.