A riƙa duba ƙasar da turken lantarki ke tsaye a kanta

Ya mai girma Edita,

Bayan gaisuwa, ina roƙon ɗan fili domin in yi tsokaci kan wani abu da ake yawan tsallakewa idan an kawo labarin faɗuwar manyan turakun wutar lantarki. Galibi iska ake ɗora wa laifi, ko tsatsa, ko ɓarayin ƙarfe, alhali a layukan da suka ratsa tsaunuka sau da yawa ƙarfen lafiyarsa ƙalau, ƙasar da ke riƙe da shi ce ta zame.

A daren 29 ga Yulin 1999, zaftarewar ƙasa bayan ruwan sama ta kwantar da turke guda ɗaya tak, mai lamba 326, a yankin Tainan na Taiwan, kuma faɗuwarsa ta jefa gidaje da wuraren aiki fiye da miliyan 8 cikin duhu. Haka ma a Japan, ranar 11 ga Maris ɗin 2011, wani turke da ke kai wuta tashar nukiliya ta Fukushima Daiichi ya faɗi ne saboda ƙasar ciko da aka tara kusa da shi ta rufto a lokacin girgizar ƙasa.

Na shafe shekaru ina zagayen duba layi, kuma takardar da ake ba mu mu cike tana da gurbin tsatsa, da na kusoshi, da na tangaran ɗin da ke riƙe wayoyi, amma babu gurbin ƙasa ko ɗaya. Turke ƙafa huɗu gare shi, kowace da nata tushen kankare, saboda haka idan ƙafa ɗaya ta nutse ko ta ja gefe da 'yan santimita kaɗan, sai ƙarafan da aka gicciye su fara lanƙwashewa tun kafin ido ya ga turken ya karkata. Akwai wanda na taɓa dubawa na cike masa takarda ba aibi, sai da na hau gangaren da ke sama da shi don neman inuwa kawai na tarar da tsaga a ƙasa wadda hannuna ya shige har wuyansa, ga bishiyoyi sun sunkuya sun fuskanci kwari, ga ruwa yana tsattsafowa inda a da busasshe ne. Ashe hanyar mota da aka yanka a gindin gangaren ce ta ɗebe ƙasar da ke tokare da shi.

A ganina tantance wannan haɗari tambaya biyu ce. Ta farko ita ce ko wurin zai iya zaftarewa, kuma amsarta tana cikin tsananin gangaren, da irin ƙasar, musamman yumɓu ko sako-sakon ƙasa da ke kwance kan dutse, da inda ruwa ke bi, da ko wurin ya taɓa zamewa a baya. Ta biyu, wadda aka fi mantawa da ita, ita ce abin da zai biyo baya idan turken ya faɗi, domin wanda ke ɗauke da layin da ba shi da madadi ya kamata a fara duba shi kafin sauran.

Kayan aiki kuwa sun samu, tunda tauraron ɗan'adam na iya gano motsin ƙasa na 'yan milimita, jirgi marar matuƙi kuma yana ɗauko taswirar gangare. Sai dai maganin da ya fi sauƙi har yanzu shi ne magudanar ruwa da za ta kawar da ruwa daga saman gangaren, a kuma riƙa yashe ta, kafin a kai ga gina katangar tokare ƙasa ko sauya wa turken mazauni.

Ina fatan idan wakilanku sun sake tattaunawa da masu kula da manyan layukan wuta, za su tambaye su turaku nawa ne ke kan gangare, da kuma ranar ƙarshe da wani ya taka sama da su ya duba ƙasar.

Naku,
Wani tsohon mai duba layukan wuta